1HZ ko 1KD: wanne zaka dasa wa tsohuwar kat-kat ɗinka?

Tun bayan babbar salla mutum uku suka tare ni da tambaya iri ɗaya, biyu a gareji ɗaya kuma a wajen ɗaurin aure a Birni, wai suna da tsohuwar Land Cruiser mai esansi ta ishe su da shan mai suna son a juya ta gazuwal, wane inji za su saka. Aikina wayarin mota ne, kuma wannan dashen na tsaya a kansa sau biyu tun daga sauke tsohon inji har ranar da aka tada sabo, sau ɗaya 1HZ a motar kawuna mai ɗaukar raguna daga kasuwannin Tanut da Belbeji, sau ɗaya kuma 1KD a motar wani abokina ɗan kasuwa. Abin da na lura kowa kuɗin inji kawai yake tambaya, alhali wallahi wahalar da rabin kuɗin suna wajen mai walda da mai waya, kuma can ne injinan biyu suka rabu nesa da juna.

Bari in fara da su kansu injinan a taƙaice. 1HZ silinda shida ne a jere, lita 4.2, babu turbo, Toyota ta fito da shi a 1990, ƙarfinsa dawaki 130 ko kusa da haka, juyinsa kuma 285 Nm. 1KD shi ne na Hilux ɗin nan da aka yi daga 2005 zuwa 2015 da wasu Prado, silinda huɗu lita 3, yana da turbo, dawaki 163 zuwa 171 gwargwadon shekara, juyi 343 Nm. A takarda dai ƙaramin ya doke babban ta ko'ina, ya fi gudu ya fi jan kaya kuma ya fi tsimin mai, shi ya sa samari da yawa ke ruɗuwa. Amma shi 1HZ pompinsa na ƙarfe ne zalla, inji ke juya shi ya auna mai ya tura, totur ɗinsa ma igiyar ƙarfe ce daga ƙafarka zuwa pompi. Shi ko 1KD babu abin da yake yi sai da izinin ƙwaƙwalwa, wadda muke ce wa kalkilater, ita ke buɗe injekta ta rufe, matsin man a cikin bututunsa ya haura bar 1,000.

To wajen wayarin fa. 1HZ in ka ƙirga wayoyin da yake buƙata don ya tashi ya yi tafiya, yatsun hannu ɗaya sun kusa isa. Akwai ta demarer, wato na'urar da ke juya inji ya tashi, akwai ta ɗan solenoyid ɗin da ke kan pompi mai buɗe hanyar mai in ka murɗa makulli ya toshe in ka kashe, akwai ta bujin ɗumama, akwai na altaneta, sai na agogon zafi da fitilar man inji. A motar kawu, tsohuwar wayar da ke kai wuta ga bobin ɗin esansi, mai ba buji wuta, ita na bi na gano inda take samun wuta daga kontak, na sa ta ta riƙa tada rele, shi kuma relen ya ba solenoyid wuta kai tsaye daga batir ta fiyus ɗinsa. Abin da zaka kiyaye a nan kawai shi ne wutar ta tsaya daram har lokacin da demarer ke juyawa, don akwai layin kontak da yake ɗaukewa a daidai wannan lokacin, in ka ɗora solenoyid a kansa zaka yi ta juya inji har batir ya mutu bai ko yi tari ba, kai kuma kana zagin mai pompi bai ji ba bai gani ba.

Bujin ɗumama shi ne mutane ke rainawa, su ce ai Damagaram zafi ne. Eh a watan Afrilu da Mayu ma'auni na wuce 40, amma je ka kwana a Tasker cikin Janairu da hunturu ka tada 1HZ da asuba babu ɗumi ka gani, farin hayaƙi zai yi ta yi kamar ana gasa kilishi. Shi man nasa ba kan fistan yake fesawa kai tsaye ba, wani ɗan ɗaki ne a cikin kilas, wato kan inji, don haka dole sai an ɗumama. Zaɓi biyu ne, ko ka nemo akwatin ƙidayar lokacinsa na asali ko ka sa maɓalli na hannu da babban rele. Ni maɓalli nake so, wanda in ka saki ya dawo da kansa, ka danna ka ƙirga kamar takwas zuwa goma ka tada. Sai dai ka karanta abin da aka rubuta a jikin bujin tukuna, ba duka ƙarfin wuta ɗaya suke ɗauka ba, akwai masu ƙaramin volt da aka yi don akwatin ya riƙa rage musu wuta, waɗannan in ka ba su 12 kai tsaye kwana kaɗan sun ƙone. Su shida gaba ɗaya suna jan wuta sosai, waya mai kauri mm² 10 nake sa musu da fiyus babba dab da batir.

Sai tarkon da ya fi kama mutane, wato 24 volt. Injinan da ake saukowa da su daga Japan da wasu na Turai akwai masu demarer 24, wasu har altaneta da solenoyid duk 24, motarka kuma 12 ce. Kafin ka biya ka goge jikin demarer da tsumma ka karanta farantin. Haka wasu 1HZ na baya-bayan nan akwai wani ƙulli na hana sata da aka lulluɓe kan solenoyid ɗin pompi da shi, wayoyi uku ke shiga maimakon ɗaya, shi ma aiki ne na daban kafin a raba shi da wurin.

Yanzu ka zo 1KD. Nan ba maganar ja waya ka haɗa ba ce, ƙaura zaka yi da gida guda. Kalkilater, da wani akwati na biyu mai tura wa injekta wuta, da fedar totur ta lantarki don babu igiya, da na'urar auna iskar da ke shiga, da damin wayar inji gaba ɗaya wanda muke cewa feso, da akwatin fiyus da rele, sannan uwa uba makulli da zoben da ke karanta shi, don in motar da aka ciro injin tana da tsarin hana sata, ƙwaƙwalwar ba za ta saki mai ba sai ta ji makullinta. Abokina ya sayi nasa injin tsirara, an datse feso da almakashi a daidai bangon da ke raba inji da direba, mai sayarwa yace ai sauran kaya ana samu ko'ina. Ana samu ɗin, amma kowane daga mota dabam. Wata biyu muka yi muna aike kasuwar kayan mota ta Kofar Ruwa a Kano, a kawo kalkilater ya ƙi makulli, a kawo feso filoginsa ya ƙi shiga don shekarar ba ɗaya ba, ga lambobin injekta da sai an shigar da su cikin ƙwaƙwalwa da na'urar diyagnostik in ba haka ba inji ya riƙa ƙwanƙwasa kamar ana daka. Araha ba ta ado, abin da ya rage a farashin inji ya biya ninkinsa a kuɗin mota da canjin naira. Don haka in zuciyarka ta kafe kan 1KD, kar ka sayi inji, sayi rabin mota, gaban Hilux da aka yanka tun daga tablo, wato allon gaban direba, har radiyeta da makullinta a rataye, a tada maka ita a ƙasa kana tsaye kafin a kwance ko da kusa ɗaya.

Akwai wani zaɓin kuma a cikin wayarin ɗin kansa, ko wane inji ka ɗauka, shin za a yi ta faci a tsohon feso ne ko za a ja sabo. Motar da ta shekara talatin a ranar nan robar wayarta ta bushe, ka lanƙwasa ta ka ji ƙas ta tsage. Ni abin da nake yi, tsohon feso na bar masa fitilu da oda da goge gilashi tunda yana yin su, shi kuma inji na ja masa nasa ƙaramin dami sabo ful da akwatin fiyus ɗinsa dabam, su haɗu a wuri biyu ko uku kawai. Ya fi faci tsada ranar farko, amma in abu ya lalace ka san inda zaka duba. Kuma don Allah ku daina yarda ana murɗa waya biyu da hannu a naɗe da baƙin salatif. Ranar da na buɗe motar kawu na tarar da irin wannan har wuri goma sha, gam ɗin ya narke ya zama kamar kwalta, salatif ya zame, jan ƙarfe a fili ya yi kore, wata ma tana goga da bakin ramin da aka huda a bango babu roba har ta ci rabi. Tashar waya ake sawa a matse da filaya mai kyau, a rufe da robar nan mai tsukewa in ta ji wuta, duk inda waya za ta ratsa ƙarfe a sa mata zoben roba, a ɗaure ta kowane taƙi guda don gargadar hanyar Tanut ba ta da tausayi, abin da duk ke lilo sai ta cinye shi.

Mas kuma, wato wayar da ke komawa jikin mota, ita ce marainiyar wannan aiki. 3F, wato tsohon injin esansi na Land Cruiser, matsin silindarsa wajen 8 ne, 1HZ ya haura 22, ka ga demarer ɗin ba ƙaramin ƙarfi zai ja ba, siririyar wayar esansi ba za ta iya ba. Mm² 50 nake sawa zuwa demarer, irinta kuma daga batir zuwa jikin inji, wata daga inji zuwa shasi, a kankare fenti har ƙarfe ya yi fari kafin a ɗaure. In babu mas mai kyau wutar hanya za ta nema da kanta, na taɓa ganin igiyar totur ta yi ja ta narke robarta don ita ce ta zama mas ba da saninta ba. A 1KD kuwa mas mara kyau ba ya ƙona komai a fili, sai dai ƙwaƙwalwa ta riƙa karanta ƙarya, fitila ta kama, mota ta ƙi wuce wani gudu, ka canza na'ura uku masu lafiya kafin ka gano kusa ɗaya ce ta yi tsatsa. Agogon juyin inji shi ma zai mutu a duka biyun don na esansi daga bobin yake ji, ko ka nemo tablon gazuwal ko ka sa ƙaramin agogo dabam.

Mu koma wajen mai walda. A nan 1HZ ya yi sa'a don gidansu ya dawo, Toyota da kanta ta sa shi a wannan jikin, Land Cruiser samfurin HZJ75 da HZJ79 ga su nan birjik a gari, ke nan mai walda yana da abin kwaikwayo, ya ɗauki ma'auni ya shiga ƙarƙashin ta maƙwabci ya auna. Duk da haka sipor ɗin 3F, wato ƙafafun da inji ke zama a kansu, ba su dace ba sai an yanke an dasa wasu, salansa ma ɓangarenta ya canza don ta 3F hagu take fita ta 1HZ dama. Shawarata ka sayi injin haɗe da buwat ɗinsa, wato akwatin giya, H55F ko R151F, da transfar mai raba ƙarfi zuwa ƙafafun gaba da na baya, don ƙoƙon da ke haɗa inji da buwat ba iri ɗaya ba ne da na esansi, neman haɗa su dole ɓata lokaci ne. Wani tsohon mai walda da muka yi aikin kawu da shi, duk muna ce masa Baba, shi ya hana mu gaggawa, inji na rataye a sarƙa yaransa na son su kama walda yace "ku dakata 'ya'yan nan, buwat ake fara zaunarwa, ita ke gaya wa inji inda zai tsaya." Ya ɗaure buwat a mazauninta, ya duba farfelar gaba da ta baya sun miƙe, ya sa katako tsakanin kartar, wato kaskon man inji, da pon gaba, ƙarfen da ke riƙe da ƙafafun gaba, don ya bar tazarar da in mota ta faɗa rami ba za su gaisa ba, ya rufe bonet ya buɗe, sannan ya yanka kwali ya fitar da siffar sipor kafin ya taɓa farantin ƙarfe. Faranti mm 8 ya sa, ɗigo-ɗigo ya fara kamawa, muka sauke inji sannan ya yi waldar gaske, kuma bai yarda ya ja walda ta gicciye leɓen shasi na sama ba, a gefe ya shimfiɗa faranti mai faɗi ya ɗora sipor a kai, yace shasi lanƙwasa yake a rairayi, in ka gitta masa walda nan zai tsage. Shekara uku ke nan ko tsatsa babu a wurin.

1KD kuwa baƙo ne a wannan jiki, komai sai an ƙirƙira. Gajere ne, ka samu fili a gaba, abin daɗi don intakula mai sanyaya iskar turbo da bututunta, amma fanka ta yi nisa da radiyeta sai an ƙera mata rumfa ta kwano da za ta tilasta iska ta bi ta cikin radiyeta, in ba haka ba a kwalta lafiya lau, kana shiga rairayi da giya ta biyu allura ta haura. Babbar matsalar ma transfar ce, ta Hilux ba ta fitar da farfela inda pon ɗin Land Cruiser ke jiranta, sai dai a nemi hanyar aurar da injin da buwat da transfar na Land Cruiser, nan kuma aikin mai tur ne, wato mai injin feƙe ƙarfe, ba na mai walda kaɗai ba, kuskuren milimita ɗaya a tsakiya zai riƙa cin kuloci da boris har ka gaji. Ga mazaunin fedar totur, ga inda za a ɓoye kalkilater cikin mota nesa da zafi da ruwan damina. Kuma duk ranar da za a sake taɓa walda a motar nan har abada, a cire kan batir a zare filogin kalkilater tukuna, mai walda ya kama mas ɗinsa kusa da inda yake aiki. Da yawa ba su sani ba don sun saba da tsoffin motoci.

Abu biyu da suka shafi kowa. Birki: injin esansi shi ke tsotsar iskar da ke taimaka wa ƙafarka, gazuwal ba ya yi sai da ɗan famfonsa, su biyun duk suna da shi a jiki, kar dai a manta a haɗa tiyon zuwa sarbo, wato tulun da ke ƙara wa birki ƙarfi, na ga wanda ya fita gwaji ya taka birki ya ji kamar dutse. Tanki kuma a sauke a wanke, in motar mai injin esansi 1FZ-FE ce a cire famfon lantarkin da ke cikin tankin, a tabbatar akwai layin da mai ke komawa, a sa filta mai raba ruwa da ɗan famfon hannu a kanta.

Wannan filtar ita ta kawo mu kan mai, wanda a gani na shi ke yanke hukunci. Matatar SORAZ tana nan arewa da gari kan hanyar Tanut tun 2011, gazuwal a gidan mai na cikin gari ba shi ne abin tsoro ba. Abin tsoro shi ne wanda zaka saya a ƙauye daga tano ko jarkar da ta sha ƙura, an tace da ɗankwali, ƙasanta da ruwa. 1HZ zai yi tari ya yi hayaƙi ya wuce, in abin ya yi yawa ka zubar da ruwan filta ka buga famfo ka ci gaba. 1KD ruwa kaɗan ya isa ya kashe injekta ko pompi, kuma babu mai gyara maka su a Gure balle Tasker, sai an ɗoro motar. Tun da hanyar Kwatano ta toshe a 2023 kayan gyara ma sun ƙara nisa da tsada, na 1HZ kuwa kusan duk shagon da ka shiga a nan ko Agadas zaka samu bel da buji da filta.

Kar kuma in yi wa 1HZ ado da yawa, malalaci ne. Ka loda raguna ka hau kwalta zuwa Maradi, Hilux zai wuce ka kamar kana tsaye, wuce tirela sai ka yi lissafi da addu'a, kuma mai yana sha fiye da 1KD ba musu. Masu ɗaura masa turbo su ƙara mai a pompi suna jin daɗi wata shida, daga nan fistan ya tsage don ba a yi shi don wannan zafin ba. In ƙarfi kake so kuma ba ka son ƙwaƙwalwa, 1HD-T ne amsar, ɗan uwansa ne uwa ɗaya, lita 4.2 da turbo daga kamfani, dawaki wajen 165, pompi na ƙarfe, sipor da wayarin kusan duk ɗaya, sai dai samun mai lafiya yanzu wuya, tsada kuma, in ka samu ka canza metal ɗin ƙasa, wato boris ɗin gindin sandunan fistan, kafin ka dasa don an san na farkon da wannan ciwon, ka haɗa shi da buwat H151F.

To ni dai ga inda na tsaya. In motarka cikin gari take da kwaltar Matamai da Magarya da Kano, mai daga gidan mai kake sha, kuma ka samu rabin Hilux cikakke da makulli, 1KD zai yi maka daɗi, abokina yanzu ba ya ƙorafi ko da yake sai da ya yi rantsuwa ba zai sake ba. In kuwa abincinka a daji yake, inda waya ba ta kamawa, ɗauki 1HZ ka kashe rarar kuɗin a sabon feso da batir babba da radiyeta mai kyau da bututun shan iska na sama mai kwanon tara ƙura. Ka je kuma a gyara kart giris, wato takardar rajistar mota, ta nuna gazuwal da lambar sabon inji kafin jandarma su tambaye ka a shinge.

Ranar da kawu zai fara fita da tasa na yanko masa waya kamu biyu na sa mata ɗan maƙali kowane gefe, na nuna masa kan solenoyid na nuna masa kan batir, nace Kawu in makulli ko rele ya mutu a daji ka maƙala nan ka maƙala nan, ku tura ta tashi, in kun iso ka cire ta mutu. Ya jujjuya ta a hannu yace "ɗan nan, ita ke nan?" nace ita ke nan. Tana cikin aljihun tablo har yau tare da tasbaharsa, sau ɗaya ya yi amfani da ita bayan Belbeji, kuma ba ma makullin ne ya lalace ba, yaron motarsa ne ya zare fiyus ɗin ya sa wa rediyo.